Tayar keken burji a Kano: wacce ke cin ƙarfinka, wacce ke rage maka wahala

Mutum biyu za su fita da kekuna iri ɗaya, su bi titin Panshekara, su sauka daga kwalta su shiga hanyoyin ƙauyukan Madobi, ɗaya ya dawo yana hira, ɗayan ya dawo cinyoyinsa na karkarwa. Sau tari ba ƙarfi ne ya raba su ba, taya ce. Keken burji, wato mai lanƙwasasshen kai irin na tsere amma da wurin sa faffaɗar taya, idan ya shiga hannun mutum, musamman ɗan Kwatano, abin da yake fara tunanin canzawa shi ne giya ko sirdi. Ni shawarata ya fara da taya. Duk cikin kayan keke babu abin da ke sauya gudunsa da jin daɗin hawansa kamar ta.

Sai dai kafin a kwatanta tayoyi, ya kamata a san ta ina ƙarfin yake zurarewa, domin ƙofa biyu ce, kuma idan ka toshe ɗaya da ƙarfi sai ɗayar ta buɗe.

Ta farko tana cikin tayar kanta. Duk inda taya ta taɓa ƙasa sai ta ɗan baje saboda nauyin da ke kanta, da ta juya kuma ta koma yadda take. Wannan lotsawa da miƙewa ba ta tsayawa muddin keke na tafiya, kuma roba ba ta mayar da duk ƙarfin da aka danne ta da shi, wani kaso zafi yake zama. Wanda ya taɓa dafa tayar mota bayan ta iso daga Zariya ya ji wannan zafin a tafin hannunsa. A keke, cinyarka ce take biyan kuɗinsa. Taya mai kaurin roba da taurin jiki ta fi cin wannan kaso, mai laushin jiki kuwa kaɗan take ci.

Ƙofa ta biyu ita ce girgiza. Idan taya ta yi tauri ta kasa haɗiye tsakuwa, sai ta hau kanta, ta ɗaga keke da mahayi baki ɗaya, ta sake su. A hanya mai gargada hakan na faruwa ba adadi cikin minti guda, kuma ƙarfin da ya kamata ya tura ka gaba yana ƙarewa ne wajen jijjiga hannuwanka da bayanka. Wannan ba sabon ilimi ba ne. Da tauri shi ne gudu, da tayar roba tsantsa ba ta bar duniya ba. A wajajen 1888 John Boyd Dunlop ya ƙera tayar iska a Belfast don keken ɗansa, a 1889 kuma wani ɗan tsere mai suna Willie Hume ya hau irinta ya doke masu daskararriyar taya. Daga 2006 mujallar Bicycle Quarterly ta Jan Heine a Amurka ta riƙa gwada tayoyi a kan titi na gaske, ta nuna cewa faffaɗar taya mai laushin jiki ba ta ƙasa da siririya a gudu, a hanya mara kyau ma ta fi ta. Manyan 'yan tseren Turai da a da suke hawa taya mai faɗin milimita 23 yanzu sun koma 28 zuwa 30, a tseren Paris-Roubaix mai hanyar duwatsu har 32 suke sawa.

Nawa ne ake asara? Ɗauki mahayi da kekensa da gorar ruwansa, duka kilo 85, yana tafiyar kilomita 25 a awa. Idan turjiyar tayarsa, wato yadda take jan keke baya yayin da take juyawa, kashi 5 ce cikin 1000 na wannan nauyin, lissafi ya ba da wat 29 (wat shi ne ma'aunin ƙarfin da mahayi ke fitarwa) da ke ƙarewa a taya kaɗai. Idan kashi 8 ce, wat 46 ke nan. Mutumin da ke iya riƙe wat 150 a doguwar tafiya, wannan tazarar ta wat 17 ta haura kashi ɗaya cikin goma na ƙarfinsa. Gaskiya ne idan gudu ya wuce kilomita 30 a awa, iskar da ke bugun ƙirji ita ce babbar abokiyar gaba. Amma a burji da wuya a daɗe a wannan gudun, don haka rabon taya yake da girma.

Tayoyi huɗu da za ka tarar

Akwai mai sulɓi, wadda zanenta bai wuce na kaushin dutsen guga ba, irin su Panaracer GravelKing ta asali. A kwalta ba ta da na biyu. Idan tafiyarka Titin Zariya ce ko Titin Haɗeja ko Eastern Bypass, sai ɗan burji mai tauri nan da can, za ka ji daɗinta ƙwarai: ba ƙara, ba ja. A kan burjin da motoci suka daddaɓe ya yi ƙarfi ma tana tafiya fiye da yadda mutane ke zato. Inda take ba da kunya shi ne kwana mai sakakkiyar tsakuwa, da kuma jar ƙasa bayan an ɗauke ruwa. Gaba na iya zamewa ba gargaɗi.

Sai mai sulɓin tsakiya da haƙora a gefe, kamar Specialized Pathfinder Pro, WTB Byway, da Schwalbe G-One RS. Idan kana tafiya miƙe, tsakiyar ce ke taɓa ƙasa, sai ka karkata a kwana sannan haƙoran su kama. A ganina wannan ita ce tayar mutumin Kano, saboda yanayin garinmu. Duk wanda ke zaune cikin birni, ko Hotoro ko Kabuga ko Na'ibawa, dole ya ci kwalta mai tsawo kafin ya kai burji, ya sake cin ta a dawowa. Rabin fitarsa ko fiye a kan titi take ƙarewa. Abin lura guda: wasu daga cikin irin waɗannan, lokacin da ake karkatowa daga sulɓi zuwa haƙora, akan ji kamar taya ta ɗan yi shawagi kafin ta kama. Da an saba shi ke nan.

Ta uku mai ƙananan haƙora ce a duk jikinta, irin GravelKing SK, Continental Terra Speed, Maxxis Rambler. A nan ne ido yake yaudarar mai saye. Ganin haƙora sai a ce wannan za ta yi nauyi, ganin sulɓi a ce wannan za ta yi gudu. Ba lallai ba. Taya mai gajerun haƙora a jere kusa da juna, idan robarta mai kyau ce kuma jikinta na da laushi, tana iya barin mai sulɓin da aka yi da roba mai arha a baya, ko da a kan kwalta. Haƙoran da ke cin ƙarfi su ne dogaye masu tazara, waɗanda ke lanƙwashewa duk sanda suka taka ƙasa, su ne kuma ke yin wannan kukan da ake ji idan keken dutse ya hau titi. Irin waɗannan damina ce ranarsu, ba rani ba.

Ta huɗu ita ce mai sulke, wadda aka shimfiɗa wa kariya mai kauri a ƙarƙashin zane. Schwalbe Marathon Plus ce fitacciya, kaurin kariyarta milimita 5 ne, kuma mai faɗin da ya dace da keken burji tana dosar kilo guda, alhali tayar burji ta yau da kullum mai milimita 40 tana tsakanin giram 400 da 500. Ga mai zuwa aiki ko makaranta kullum, wanda faci ɗaya zai sa ya makara, ba ni da abin zargi a kanta. Amma kada a saye ta da sunan gudu. A burji tana da tauri, tana dukan hannu, kuma ko ka rage mata iska jikinta ba ya sakin jiki.

Jikin taya ya fi zanenta muhimmanci

Idan ka je saye, kada ka tsaya kallon zane. Kama gefen tayar tsakanin babban yatsa da manuniya ka murza. Bambancin da za ka ji tsakanin mai kyau da mara kyau kamar na fatar akuya ce da ta sha jima da busasshen ƙirgi. Mai laushin ita ce ke naɗe tsakuwa ta wuce. A jikin kwali ko gefen taya akan rubuta TPI, wato yawan zaren da ke cikin inci guda na saƙar jikinta. Mai 120 zarenta sirara ne, roba kaɗan ta shiga tsakaninsu, don haka ta fi laushi. Mai 60 ta fi kauri da juriya. Lambar ba ita ce komai ba, domin wani kamfani kan ƙara shimfiɗar kariya daga gefe zuwa gefe ya mai da mai 120 ta yi tauri, amma tana nuna hanya.

To ga inda Kano ta bambanta da inda ake rubuta yawancin shawarwarin nan: ƙaya. Wanda ya bi hanyoyin gonaki ta wajen Gezawa ko Minjibir ko Dawakin Tofa bayan kaka ya san abin da nake nufi. Tsidau na nan barbaje a bakin hanya, kowane ɗa da ƙahonninsa a sama. Ga ƙayar aduwa doguwa mai ƙarfi, ga ta bagaruwa da farar ƙaya da aka sassaro aka yi shinge, iska da dabbobi suka janyo su tsakiyar hanya. Cikin gari kuma ga fasasshiyar kwalba, ga ƙusa, ga siririyar wayar da ke fita daga ƙonanniyar tayar mota, wadda ido ba ya ganinta sai yatsa ya shafo ta daga ciki. Idan ka sa taya mafi laushi da tub a ciki ka shiga irin wannan hanya, mintocin da ta rage maka a gudu za ka biya su ninki a gindin bishiya kana shafa sholisho. Sauri ya haifi nawa ke nan.

Hanya biyu ce ta magance wannan. Ko ka ƙara kauri, ko ka cire tub. Masu gyara da yawa kaurin suka sani: su sa tub mai kauri, ko su yanka tsohon tub ko tsohuwar taya su shimfiɗa a ciki. Yana rage faci, amma duk abin da ka ƙara a cikin taya shi ma sai ya lotsa ya miƙe a kowane juyi, kuma yana gogar abin da ke kusa da shi. Ka sayi tsaro da gudunka ke nan.

Tubles kuwa tana ba da duka biyun. Ba tub, sai wani farin ruwa mai danƙo da ake zubawa a ciki, kamar mililita 60 ga taya mai milimita 40. Idan ka dawo daga hanyar gona ka juya taya a hankali, za ka ga kan ƙaya a kafe. Ka zare ta da farce, iska ta yi ɗan tsaki, farin ɗigo ya fito ya yi kumfa, ka juya wurin ya koma ƙasa, kafin ka miƙe ya toshe. Da tub ne da kowace ɗaya faci ce. Turjiyarta kuma ta fi ta tub na baƙar roba ƙanƙanta, sannan tana ba ka damar rage iska ba tare da tsoron rim ya cije tub ya yi masa huda biyu ba. Wahalarta a nan garin ita ce zafi. Ruwan na bushewa da sauri, wanda a ƙasashen sanyi zai kai wata shida, a zafin Maris da Afrilu ka duba shi duk wata biyu. Sai ka cire ƙafar keken ka girgiza kusa da kunne, in ba ka ji motsin ruwa ba to ya ƙafe. Dole kuma rim da taya su zama waɗanda aka yi don haka, kuma ka tanadi ruwan tun kafin ya ƙare. Ko da tubles ka hau, ka riƙe tub guda a jaka don ranar da kwalba za ta tsaga gefe. Wanda rim ɗinsa ba na tubles ba ne, ya nemi tub mai bawul da ake iya kwance cikinsa, ya ɗura ruwan a ciki. Bai kai tubles ba, amma yana maganin ƙananan ƙayoyi.

Faɗi

Da iska iri ɗaya, faffaɗar taya ba ta lotsawa da zurfi kamar siririya, domin inda take taɓa ƙasa gajere ne mai faɗi, na siririya kuwa dogo ne. Amma babban amfaninta shi ne ana iya hawanta da ƙarancin iska. Milimita 35 ta wadatar ga mai yawan kwalta. 40 zuwa 45 ita ce ta dace da mafi yawan hanyoyinmu. Daga 47 zuwa 50 kuwa ta mai shiga rairayi ce, kuma rairayi ba ya ƙaranci a arewacin gari, ta wajen Ungogo da Ɗambatta, da mashigun rafuka a lokacin rani. A rairayi haƙora ba sa ceto, faɗi da ƙarancin iska ne ke hana taya nutsewa. Ko a tseren Unbound Gravel na mil 200 da ake yi a jihar Kansas ta Amurka, a shekarun nan wasu manyan mahaya sun koma sa tayar keken dutse mai inci 2.1 ko 2.2, duk da ƙarin nauyinta.

Iyakarka ita ce jikin keken. Ka bar sarari kamar milimita 5 ko 6 a kowane gefe tsakanin taya da ƙarfe. Da damina, musamman a Agusta, idan ka shiga laka irin ta yankin noman rani na Kura da Kadawa, takan manne wa taya ta yi ta kauri har ta cike wannan sararin ƙafa ta ƙi juyawa, tana kuma goge fenti. A irin wannan ranar gara taya mai ɗan ƙarancin faɗi da haƙora masu tazara, waɗanda ke watsar da laka.

Iska

Wannan ne wurin da aka fi ɓata taya mai kyau, kuma gyaransa kyauta ne. Ka tsaya wurin mai faci, ya ɗora bututu, ya danna taya da babban yatsa, ya ƙyasta mata farce yana sauraro. "Oga, a ƙara?" Idan ba ta yi ƙara kamar ganga ba, a wurinsa ba ta sha ba. Ba laifinsa ba ne, haka aka saba da kekunan dako, waɗanda in ba a cika su ba rim zai cinye tub a ƙarƙashin buhu. Amma keken burji ba haka yake so ba. Lambar da aka rubuta a gefen taya iyaka ce da ba a wucewa, ba ita ake nema ba.

Ga mahayi mai kilo 70 zuwa 80 a kan tubles mai milimita 40, wurin farawa shi ne psi 33 zuwa 38 (psi shi ne ma'aunin iskar taya da gejin famfo ke nunawa). Idan 45 ce, 28 zuwa 33. Mai tub ya ƙara kamar 5. Gaba a rage mata 2 ko 3, tunda baya ce ke ɗauke da mafi yawan nauyi. Wannan kusan daidai yake da iskar tayar ƙaramar mota, kuma idan ka danna da yatsa za ta ɗan lotsa. Daga nan sai ka gwada da kanka a hanyar da ka saba bi: rage 2, ka hau, ka sake ragewa wata rana, har ka ji taya ta fara lilo a kwana ko rim ya taɓa dutse, sai ka mayar da 2 ko 3. Gwaje-gwajen da kamfanin Silca ya yi sun nuna cewa ƙara iska na rage turjiya ne zuwa wani matsayi kawai, daga nan sai ta haura da sauri, kuma idan hanya ta fi muni matsayin yakan sauko. Wuce shi ya fi rashin kai shi tsada. Don haka in za ka kuskure, kuskure ta ƙasa.

Abin da ke ruɗar mutane shi ne taya mai tauri tana sa a ji kamar ana gudu, saboda girgiza na shiga jiki da sauri. Ka auna da agogo tsakanin wurare biyu da ka sani, kada ka auna da abin da hannunka ke ji.

Zafin gari ma yana taɓa iska. Tayar da ka bai wa psi 35 da sanyin asuba, idan zafi ya ƙaru da digiri 20 kafin azahar za ta ƙara kamar 3. Kuma ka yi hattara da injin iskar mai faci, domin an yi shi ne don mota, cikin ƙiftawar ido yake cika tayar keke. Yawancin kekunan nan ma da siririn bawul na Presta suke zuwa, wanda bakin bututunsa ba ya kamawa sai da ɗan mahaɗi na tagulla. Ka saya ka bar shi a jakar sirdi.

Wa ya kamata ya sayi wacce

Mai fita motsa jiki da asuba a titin BUK ko Zoo Road, wanda sai ranar hutu yake leƙa burji: mai sulɓi ko mai sulɓin tsakiya, milimita 35 zuwa 40. Mai dogon zango, wanda ke nufar Bagauda da Tiga ko ya zaga ta Tamburawa da Dawakin Kudu yana haɗa kwalta da hanyar ƙauye: mai sulɓin tsakiya milimita 42 zuwa 45, tubles, mai matsakaiciyar kariya. Ba mafi laushin da 'yan tsere ke sawa ba, ba kuma mai sulke ba. Wannan na fi ba da shawara ga mafi yawan mutane, kuma idan jikin keken zai ɗauki 45 kada a tsaya a 40. Mai yawan shiga gonaki da rairayi ya ɗauki mai ƙananan haƙora mafi faɗin da keken zai karɓa. Ba dole ba ne ma gaba da baya su zama iri ɗaya. Mai haƙora a gaba don riƙo, mai sulɓin tsakiya a baya inda nauyi yake, haɗi ne mai kyau, domin zamewar baya ana iya tare ta, ta gaba kuwa ƙasa take kai mutum.

A wurin saye ka karanta lambar da ke gefen taya da idonka. Yawancin kekunan burji girman ƙafarsu 700c ne, lambarsu 622, kamar 40-622. Masu 650b lambarsu 584. Tayar tsofaffin kekuna irin Raleigh da Phoenix da ake kira 28 lambarta 635 ce, ba za ta zauna a rim ɗinka ba ko da mai shago ya ce ai duk 28 ne. Ta keken dutse mai inci 26 kuma 559 ce. Idan ta gwanjo ce, ka lanƙwasa gefenta a cikin haske. Da ka ga ƙananan tsage-tsage ko zare ya fara leƙowa, ajiye ta komai cikar zanenta, domin robar ta riga ta bushe, riƙonta ya ragu, kuma ba za ta daɗe ba a ranar Kano. Saboda wannan dalilin ne ma bai kamata keke ya riƙa wuni a tsakar gida cikin rana ba.

Tayoyin nan daga waje suke zuwa, kuɗinsu na bin dala. Wanda aljihunsa bai kai biyu ba ya sayi ɗaya mai kyau ya sa a gaba, ya mayar da wadda ta fi lafiya cikin tsofaffin baya, abin da ya rage ya sayi famfo mai geji.